Kujerar da Aka Nuna wa Biyar

Biyar ake ce masa a garin nan, har yaran da aka haifa jiya. Lambar da ke bayan rigarsa ce lokacin da yake tsaron baya a kulob ɗin ƙwallon ƙafa na garin, ta liƙe masa har ya yi furfura. Waɗanda suka ga wasansa sun ce ba shi da gudu, bai kuma iya yanka ba, amma in ya tsaya a gaban gola kamar an dasa kututture. Wata ranar wasa ana ruwa wani ɗan gaba ya faɗo masa a gwiwar hagu, aka fitar da shi ranga-ranga. Gwiwar ta warke a karkace, ƙwallo ta ƙare masa ke nan tun yana da sauran ƙarfi. Kawunsa mai ɗinkin kujerun mota ne ya jawo shi shago ya ɗora masa almakashi a hannu, da kawun ya rasu shagon ya zama nasa.

Shagon yana kan titin da ke miƙewa zuwa filin wasa. A ciki akwai tsohon keken ɗinki baƙi, da soso an tara shi har rufi, da naɗin leda ja da baƙa da ruwan ƙasa a jingine da bango, ga warin gam da ba ya barin tufafin mutum. A waje kuwa kujerun motoci ne da aka ciro suna jiran gyara, wasu ma masu su sun manta da su. A kan kujerun nan magoya bayan kulob ke zama kullum da yamma, mai shayi na gefe yana miƙo musu kofuna. A nan ake korar koci kafin hukumar kulob ta kore shi, a nan ake sayen 'yan wasan da kulob ɗin ko takalminsu ba zai iya saya ba. Biyar yana ciki yana taka kekensa yana jin su, da wuya ya tsoma baki.

Bai taɓa barin kulob ɗin ba. Da asuba kafin ya buɗe shago yana filin atisaye yana jera alamomi, yana ɗaure wa yara idon sawu, yana tsawata wa 'yan baya in sun yi sake. Ba shi da wani muƙami a rubuce. Amma duk lokacin da aka kori koci, ko koci ya tattara kayansa ya gudu, Biyar ake kira ya yi riƙon ƙwarya. Ya riƙe wata ɗaya ko biyu, a kawo sabo daga wani gari, ya miƙa masa usur ya koma jera alamomi. Ya yi haka har ya daina lissafi. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a firamare, takan ce masa shi tayar ajiya ce, ba a tuna ta sai mota ta yi faci a daji. Dariya yake yi, ya ce ai tayar ajiya ta fi sauran daɗewa.

Mutum biyu ne suka fi kusa da zuciyarsa a harkar nan. Na farko Mai Kemis, shugaban magoya baya, wanda suka taso unguwa ɗaya, benci ɗaya a makaranta. Mai Kemis bai taɓa iya buga ƙwallo ba, shi ke riƙe musu riguna a bakin fili suna yara, amma Allah ya ba shi baki. In ya fara magana sai ka manta da abin da ka zo da shi. Na biyu Guguwa, wanda ya zo filin atisaye yana ɗan yaro ba takalmi, Biyar ya ciro nasa tsohon takalmin ya cusa masa soso a gaba ya ba shi. Guguwa ya zama ɗan gaban da garin bai taɓa ganin irinsa ba, har aka tafi da shi ƙasar waje.

Bayan wasu shekaru ya dawo shiru, mutane suka ɗauka rauni ne ya dawo da shi. Raunin gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. Kaɗaici da sanyin ƙasar da watsar da shi da aka yi sun taɓa masa kai, har an kwantar da shi a asibiti. Biyar ne ya je ya taro shi, ya kawo shi gidansa ya sa shi a ɗakin baya, Malama na dafa masa abinci, shi kuma yana zama da shi in abin ya motsa. Ban da su biyun da mahaifiyar yaron, mutum ɗaya ne ya sani, shi ne Mai Kemis, don a wurinsa Biyar ke karɓar maganin da likita ya rubuta, ta ƙofar baya, a naɗe cikin takarda. Guguwa ya warke sarai, ya yi karatun horarwa, ya yi aure, ya kama koyar da matasa a wani gari kusa, ana kuma yabon aikinsa. Baba yake kiran Biyar.

Shekarar da abin ya faru, kocin kulob ɗin ya gudu ana tsakiyar kakar wasa, kulob na can ƙasan tebur. Aka kira Biyar kamar kullum. Bai zo da wata dabara ba, ya dai toshe baya, ya lallashi yaran da ke shirin tafiya, ya yi ta tsintar canjaras da ci ɗaya-ɗaya har suka tsira a wasan ƙarshe. Ranar matasa suka ɗaga shi sama, yana ta roƙonsu su kula da gwiwarsa. Bayan kwana kaɗan hukumar kulob ta ce wannan karon ba za ta ɗauko koci da ka ba, za ta ji ta bakin magoya baya, wanda suka tsayar shi za a ba.

Daga nan ƙofar shagon ta zama majalisar dokoki. Wanzamin layin ya dage a kan a ɗauko mutumin ƙasar waje, ya ce ko zagin yara ya yi ba za su ji ba balle su yi fushi. Wasu suka ce a dawo da Mai Hula, kocin da aka kora shekarun baya, sai aka tuna musu cewa a kan kujerun nan suka rantse in bai tafi ba za su ƙona hular. Wani tela ya ce shi ko wane ne a kawo, muddin zai daina sa ɗan ƙanwarsa a benci. Amma sunan da ya fi kama bakin mutane shi ne Guguwa, kuma Dogo Direba ne ya kawo shi. Dogo shi ke jan motar magoya baya in za a je wasa waje, matasa na sauraronsa, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yana hangen shugabancin da Mai Kemis ya daɗe a kai. Kowa ya gane in Guguwa ya hau ta hannun Dogo, kujerar Mai Kemis ta fara girgiza.

Biyar ya ji daɗin jin sunan Guguwa. Har ya faɗa wa Malama cewa in aka ba yaron, shi zai jera masa alamomi da farin ciki fiye da yadda ya yi wa kowa.

Wata yamma musu ya yi zafi, ana ta ɗaga murya, sai Mai Kemis ya ajiye kofin shayinsa ya jira aka yi shiru. Ya ce abin kunya ne a zauna a ƙofar shagon mutum, a kan kujerunsa, ana ta zagaye duniya neman koci, alhali ga wanda ya cece su nan a bayansu yana ɗinki. Ya nuna cikin shagon da leɓe. Biyar ya ɗaga ƙafa daga kan keken. Wani ya ce ai kuwa gaskiya ne, wani ya ce su ma abin na ransu. Kafin magariba majalisa ta rabu biyu, 'yan Guguwa da 'yan Biyar.

Biyar dai ya ce a rufa masa asiri, shi ba ya nema. Washegari Mai Kemis ya bi shi har gida, ya zauna a falo a kan kujerar da Biyar ya ɗinka da hannunsa, ya kira Malama ta zo ta zama shaida. Ya yi magana mai tsawo. Ya tuna masa ranar da aka fitar da shi daga fili, da asubahin da ya yi ta sammako ba ko na gode, da baƙin da aka yi ta ɗorawa a kansa waɗanda ba su kai shi sanin yaran ba.

"Mutumina, so kake ka mutu kana riƙe wa wasu usur?" in ji shi. "Ni na gaji da ganinka haka, in kai ba ka gaji ba."

Bayan ya tafi Malama ta dubi mijinta. Ta ce maganarsa ta yi daɗi da yawa, ita kuma tun tana yarinya ba ta yarda da maganin da ba shi da ɗaci. Biyar ya ce ta faye zargi, mutumin nan tare suka yi rarrafe.

Abin da ya fi damunsa daga baya, in ya tuna, shi ne kafin ranar bai taɓa son kujerar koci ba. Su suka koya masa sonta. Ya fara kama kansa yana yanka soso yana tsara wa zai buga tsakiya, wa za a sallama, wane yaro za a ɗauko daga ƙauye. Ya fara tunanin sunansa a bakin mai sanarwa. Da abin ya yi masa nauyi ya kira Guguwa a waya ya faɗa masa yadda ake ciki. Guguwa bai bari ya gama ba.

"Baba, in kana so na janye yau. Ni zan nemi abu kana nema?"

Biyar ya ce kada ya kuskura. Ya ce su bar mutane su zaɓa, wanda aka ba ɗayan ya taimake shi. Suka yi dariya a kan wa zai riƙe wa wani jaka, suka yi sallama.

Hukuma ta ce duk wanda za a ba sai yana da takardar horarwa, Biyar kuwa ba shi da ita. Mai Kemis ne ya samo masa gurbi a wani kwas na 'yan makonni a babban birni, ya matsa masa ya tafi, ya ce ya bar masa gida a hannu. Kafin tafiyar ya kawo masa wani dogon farin ƙyalle mai kauri, ya ce ya kalmashe bakinsa ya huda masa ramukan igiya, za a rubuta sunan gwaninsu a jiki ranar taron zaɓen koci. Biyar ya ɗinka shi da zare biyu, yana murmushi shi kaɗai. Ya rufe shago, ya ba wani kamfanin motocin haya haƙuri a kan aikin kujerunsu, su kuwa ba su jira ba suka kai wa wani. A wajen kwas ɗin ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, da tabarau a hanci, yana rubutu a hankali kamar mai ɗinki. Suna kiransa Baba suna tsokanarsa, da aka fita fili kuma suka riƙa zuwa tambayarsa. Ya ci jarrabawa, ya sa takardar a cikin leda ya kamo hanyar gida.

Da ya buɗe shago ya ga majalisa ta canza. An gaishe shi sama-sama, wasu na kallon ƙasa, kujeru da yawa babu kowa. Yana share ƙura daga kan keken sai ga Dogo Direba ya shigo har ciki, abin da bai saba ba. Bai zauna ba. Ya ce shi duk hamayyar da yake yi bai taɓa zaton Biyar zai yi haka ba. Biyar ya tambaye shi me ya yi. Dogo ya dube shi ya ga da gaske bai sani ba, ko kuma ya iya nuna bai sani ba, sai ya ba shi labari. An yi zaman magoya baya bayan tafiyarsa, 'yan Guguwa sun fi yawa, ana gab da rinjaye, sai Mai Kemis ya miƙe ya ce akwai abin da ba ya son faɗa amma amanar kulob ta fi ƙarfinsa. Ya ce Guguwa ya taɓa samun taɓin hankali, an kwantar da shi, ya daɗe yana shan magani. Ya ce wanda bai yarda ba ya tambayi Biyar, shi da ya kulle shi a ɗakin bayansa, shi ya san komai. Kafin gari ya waye zancen ya cika wayoyin mutane, an ƙara masa gishiri, har da cewa an ɗaure shi da sarƙa. Iyayen yaran da Guguwa ke koyarwa a can garin suka fara janye 'ya'yansu. Guguwa ya aiko ya ce a cire sunansa.

Biyar ya nemi wuri ya zauna a kan tulin soso. Dogo ya ce duk gari an ɗauka Biyar ne ya ba da labarin don ya share wa kansa hanya, ya tafi kwas don kada a ga fuskarsa. Ya juya ya fita.

Biyar ya kira Guguwa ba a ɗauka ba. Ya rufe shagon ya hau mota zuwa garin. Matar Guguwa ce ta buɗe ƙofa, ta gaishe shi da ladabi kamar kullum amma ba ta ce ya shigo ba. Can Guguwa ya fito, ya rame, ya tsaya a bakin ƙofa. Biyar ya fara rantsuwa, ya ambaci Mai Kemis da maganin da ƙofar baya. Guguwa ya saurare shi har ƙarshe.

"Baba, na ce maka zan janye, ka ce kada na janye. Da ka bar ni na janye da mutuncina."

Ya ce ko ba daga bakin Biyar ta fito ba, don Biyar aka faɗe ta. Ya ce matarsa ma ba ta san labarin duka ba sai da ta ji a bakin maƙwabta. Ya yi masa fatan Allah ya ba shi kujerar, ya koma ciki.

Daga tasha Biyar bai je gida ba, kemis ya wuce. Ya jira mai sayen maganin tari ya fita, sannan ya tambayi abokinsa me ya sa. Mai Kemis bai ko daina jera kwalabe ba. Ya ce ai dominsa ya yi, da bai yi ba da tuni an wuce wurin, kuma ƙarya ya faɗa? Ya ce siyasa ba a yin ta da tausayi, yaro ne zai manta, shi Biyar ya je ya huta ya shirya wa ranar taro. Biyar ya ce amana ya ba shi. Mai Kemis ya ce amanar ai ta shekarun baya ce.

A gida Malama ta ce ya janye, ya fita daga zancen gaba ɗaya tun da sauran abin da zai tsira da shi. Ya san gaskiya ta faɗa. Amma ya ce mata in ya janye yanzu an tabbatar da laifin a kansa, gara ya je taron ya tsaya gaban jama'a ya wanke kansa ya wanke yaron, in an ba shi kujerar kuma ya kira Guguwa su yi aikin tare. Ta dube shi ta ce to, Allah ya sa abin da ke ransa ke nan. Shi kansa ya san akwai wani ɓangare na zuciyarsa da har yanzu yake son a kira sunansa.

An yi taron da hantsi a babban ɗakin da ke ƙarƙashin rumfar 'yan kallo, inda ake ajiye raga da tutocin kusurwa. An cika, wasu a kan tagogi. Wakilan hukuma biyu na zaune a gaba. Biyar ya sa rigarsa mai kyau, takardarsa a aljihu, ya zauna a layin farko ya miƙe ƙafar hagu. Mai Kemis ne ya buɗe taro, kuma da Biyar ya fara. Ya yabe shi tun daga ƙuruciya, da gwiwarsa, da sammakonsa, da yadda ya ceci kulob bana. Ana tafi. Yabon ya yi tsawo har Biyar ya fara jin wani iri, don irin yabon da ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya ne. Sai murya ta sauya. Mai Kemis ya ce uba ba a ɗora masa kayan da zai karya shi. Ya ce shekaru sun ja, ƙafa ba ta da lafiya, ƙwallon yau ta 'yan zamani ce. Ya ce kuma bayan abin da ya faru da Guguwa, wanda duk bai ji daɗinsa ba, 'yan wasa sun fara jin tsoron sakin jiki da wanda ya san sirrinsu, shi ba ya zargin kowa, amma haka zukata suke. Saboda haka dattawan magoya baya sun zauna sun ga a bar Biyar a matsayinsa na uban kulob, a kawo sabon jini. Ya ambaci wani matashi da ke horar da 'yan kwaleji, ana ce masa Ɗan Kwaleji. Kowa a ɗakin ya san ƙanin matar Mai Kemis ne.

Matasa huɗu suka miƙe daga baya suka warware wani dogon farin ƙyalle ɗauke da sunan Ɗan Kwaleji da shuɗin fenti, suka zura igiya suka ɗaure shi a jikin taga. Biyar ya gane ɗinkinsa tun daga inda yake zaune, zare biyu a baki. Fentin ya daɗe da bushewa, har ya fara tsagewa a inda aka ninke.

'Yan Dogo sun yi hayaniya, amma ba su da ɗan takara, kuma ba mai niyyar tsayawa wa Biyar a cikinsu. Waɗanda suka yi ta kiran sunansa a ƙofar shago suka ɗaga hannu wa Ɗan Kwaleji, wasu suna kauce wa idonsa, wasu ko a jikinsu. Wanzami ma ya ɗaga. Biyar ya dafa gwiwa ya miƙe ya nemi a ba shi magana. Ya ce shi bai zo neman kujera ba yanzu, abu ɗaya zai faɗa, Guguwa lafiyarsa ƙalau, ba a taɓa kulle shi ba, kuma ba daga bakinsa zancen ya fita ba. Muryarsa ba ta da ƙarfi, an riga an fara buga ganga a baya, layi biyu na gaba ne kawai suka ji shi. Ɗaya daga cikin wakilan hukuma ya matso ya riƙe masa hannu ya ce suna fatan zai ci gaba da taimaka wa sabon koci kamar yadda ya saba. Biyar ya zare hannunsa ya ratsa mutane ya fita. Ba wanda ya biyo shi.

Bai sake taka filin ba. Asubar farko ya farka a lokacin da ya saba, ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa, Malama ta yi kamar tana barci. A hankali jikinsa ya koyi kwanciya har rana ta fito. Bai kori kowa daga ƙofar shago ba, amma mutane suka ji nauyin zama, majalisa ta koma wajen wanzami. Ranar wasa ihun fili na iso shi har cikin shago, yana iya gane ihun ci da na fenareti da na zagin alƙalin wasa, sai ya ƙara taka keken. 'Yan wasa biyu-uku sun riƙa zuwa a ɓoye ya duba musu idon sawu, ya duba, amma in suka fara kawo ƙarar sabon koci sai ya ce su bar zancen. Ɗan Kwaleji bai yi abin kunya ba, bai kuma yi abin a zo a gani ba, kulob ya ƙare a tsakiya. Mai Kemis ya ci gaba da shugabancinsa. Maganin hawan jinin Malama kuwa Biyar ya koma sayo shi a wani kemis can bayan kasuwa, duk da tafiyar na wahalar da ƙafarsa.

Bayan watanni Mai Kemis ya tsayar da motarsa a ƙofar shago, ya fito da fara'a kamar jiya suka rabu, ya ce kujerar direba ta yage soso na fitowa. Biyar ya leƙa ya duba, ya ce aikin ba wuya, akwai wani mai ɗinki a ƙarshen layi, hannunsa na da kyau. Mai Kemis ya yi dariya ya ce wai har yanzu? A kan ƙwallo? Ya ce ya tuna fa tun suna yara suke tare.

"Na tuna," in ji Biyar. "Shi ya sa."

Mai Kemis ya ɗan tsaya yana kaɗa makulli, ya shiga motarsa ya tafi.

Guguwa ya bar garin da yake, ya koma can nesa wajen yayarsa, an ce yana aiki a wani shagon kayan gini, ba ya ko kallon wasa. Dogo Direba, wanda daga baya ya gane yadda abin ya kasance ya zo ya ba Biyar haƙuri, yakan bi ta garin in ya ɗauki fasinja. Duk tafiya Biyar na ba shi saƙon gaisuwa, wani lokaci da ɗan abin yara. Dogo yakan dawo ya ce ya isar, an karɓa, matar ta yi godiya. In Biyar ya tambaye shi shi Guguwan me ya ce, sai Dogo ya ce ya ce yana amsawa. Har yau dai iyakar abin da ya ce ke nan.